Usur Ɗinka a Wuyana

Zuwa ga Yaya Mudi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka kamar yadda na saba, da ladabi, duk da na san wannan takarda ba za ta kai hannunka ba. Addu'a ce kaɗai ke isa inda kake, kuma na yi maka ita bayan asuba. Amma akwai labarin da ban san yadda zan sa shi cikin addu'a ba, kuma idan ban faɗa maka ba cikina zai fashe.

Yaya, jiya na yi kilomita goma a Djougou. A gaban kowa. Da usur ɗinka a wuyana.

Bari in gyara tun kafin ka kama ni. Wayata ta nuna goma saura kaɗan, ko da yake mutanen Djougou sun rantse goma ce cif. Kuma ba duka na yi da gudu ba. Na yi gudu, na taka, na sake gudu. Abin da ya kawo ni wurinka ke nan. Shin wanda ya yi haka, ɗan gudu ne?

Amma labarin gida tukuna. Inna tana lafiya, sai gwiwa. Na gama jami'a, na karɓi diplom ɗina a fannin noma, malamai sun yaba aikina a kan ajiyar doya. Aiki kam har yanzu shiru, ina dai zama a kantinka da rana. Anti Rakiya matarka ta riƙe kantin da kyau, har ta ƙara firji. Yusufa ɗanka ya shiga lakwal, makarantar boko, kuma ba ya tafiya a tsakar gida, kullum a guje yake. Duk lokacin da ya gifta, Inna sai ta kau da kai.

Ka san dalili. A kanti ka faɗi, kana zaune, kana auna wa wata mata shinkafa. Likita ya ce zuciya ce. Na maimaita wa Inna sau da yawa cewa ba a kan titi abin ya same ka ba, amma ita ta riga ta yanke: gudu ne ya cinye zuciyar ɗanta. Ni ma tsoro ya shige ni. Na daɗe ina kwana da hannu a ƙirji. Daga baya na je aka duba ni, aka manna min wayoyi, aka ce zuciyata lafiya lau, har ma zaman da nake yi shi ne abin tsoro. Likitan ya ce in fara motsa jiki a hankali: in yi gudu iya inda zan iya magana, idan magana ta gagara in taka har numfashi ya dawo.

Da na kai wa Inna wannan bayani, ta yi kwana biyu tana juya shi a ranta. Sai ta kira ni, ta mayar da maganar likita yadda za ta iya riƙe ta. Ta ce duk inda nake gudu, in riƙa gwada salati. Muddin salati ɗaya ya ƙi fita da numfashi ɗaya, in tsaya in taka, ko da wa ke kallo. Ta sa na yi mata alkawari, na yi.

Na fara a hanyar Tourou, can bayan gari. Ba don iska mai kyau ba. A Zongo kowa ya san ni ƙanin Mudi ne, kuma kowa ya san maganarka, cewa wanda ya taka a tsakiyar gudu cefane ya fito. Yaya zan taka a gaban mutanen da suka ji wannan daga bakinka? Wata safiya Baba Idi mahauci, perezidan ɗin ƙungiyarku ta gudun Asabar, ya gan ni yana dawowa daga duba shanu. Ya tsayar da babur, ya kalle ni sama da ƙasa, ya ce ran Asabar yana son ganina. Na soma zuwa. Ina lafewa can ƙarshen layi, bayan dillalan shanu da 'yan zem, masu acaba na unguwar Banikanni, inda in na taka ba mai lura.

Bana mu ne da ziyarar Djougou. Ka san tsarin, shekara ɗaya su zo, shekara ɗaya mu je, kuma baƙi ake bai wa gaba. Mun tafi ran Juma'a bayan la'asar a mota ɗaya, a matse, ana ta tsokanar juna har muka isa. Jiya bayan asuba muka taru a bakin filin ƙwallo. Ban ƙirga ba, amma mu da su mun fi hamsin. Ina can baya ina ɗaure takalmi sai na ji ana kiran sunana. Baba Idi ya sa hannu a aljihu ya fito da usur ɗinka, da igiyarsa koriya, har da tabon haƙoranka a jikin robar. Ban san yana wurinsa ba. Ya ce wa jama'a ga ƙanin Mudi, ga usur ɗin Mudi, ya rataya min. Aka ɗaga hannu aka yi maka Fatiha. Na buɗe baki in ce ba zan iya ba, sai na ga an riga an jeru a bayana.

Dokokin usur kai ka kafa su, ba sai na tuna maka ba. Ba a wuce mai usur. Busa biyu gajeru, a tashi da gudu. Busa ɗaya doguwa, a taka. Sai dai kai ba ka taɓa yin doguwar ba sai an hango wurin gamawa, don a huce.

Na busa biyu. Yaya, ka taɓa gaya wa wani yadda abin yake? Ƙafafu sama da ɗari suka tashi a bayana lokaci ɗaya, don na hura iska a cikin roba. 'Yan Djougou suka ɗauki waƙa da yaren Dendi, namu suna amsawa da Hausa, ƙasa tana amsa mu duka. Gari bai gama wayewa ba, titi namu ne. Isa Dogo, abokin karawarka na can, yana gefen damana, kafaɗa da kafaɗa, yana gudu kamar ba ya taɓa ƙasa. Tsigar jikina ta tashi. Na ce a raina, ashe abin da kake tashi da duhu dominsa ke nan.

Daɗin ne ya ja ni na ƙara sauri fiye da yadda na saba. Da muka fara hawan wani ɗan tudu a bayan kasuwa, na gwada salati. Ya yanke a tsakiya. Na ce gwaji ɗaya ba hujja ba ce, na sake. Ya yanke tun kafin tsakiya.

Inna tana Parakou, sama da kilomita ɗari tsakaninmu. Wa zai gaya mata? Zan iya cije baki in ƙarasa tudun, wataƙila ma in ƙarasa duka, in koma gida in ce mata komai lafiya. Ga mutanen da suka san ka a bayana, ga sunanka da aka ambata yanzun nan. Idan na busa, ba ni kaɗai zan taka ba. Zan sa ƙungiyar Mudi ta yi cefane a garin mutane. Idan ban busa ba, da wace fuska zan karɓi tuwo daga hannun Inna?

Na busa doguwa.

Waƙar ta mutu a bakin mutane. Wani ya yi karo da bayana. Na ji takalma suna ja, suna ragewa, har kowa ya koma tafiya, ba wanda ya san me ya faru. Isa Dogo bai taka ba. Ya ci gaba da gudu a wuri ɗaya, yana ɗaga gwiwa har ƙirji, yana hararata, amma kafaɗarsa ba ta wuce tawa da ko yatsa ɗaya ba. Wata mai sayar da wasa-wasa, abincin nan na garin doya, a bakin titi ta ɗaga murya ta tambaya ko mai ne ya ƙare mana. Yaran da ke kusa da ita suka kwashe da dariya. Kunnuwana sun yi zafi kamar an ɗora musu garwashi. Na ci gaba da takawa, ina gwadawa a hankali, har salati ya fita cikakke. Na busa biyu. Suka tashi.

Haka muka yi ta yi. A doguwar busa ta uku na ji wani sauti a baya wanda ban gane ba da farko. Ajiyar zuciya ce, ta mutane da yawa a tare. Na waiga, abin da kai ba ka yi. Na ga Baba Idi, wanda kullum a rabin hanya yake hawa zem ya ce nama na jiransa, yana nan a ƙasa, rigarsa ta jiƙe, yana min alama da hannu in ci gaba. 'Yan zem biyu da ke bin mu don kwashe waɗanda suka gaji suna tafe a hankali, ba kowa a bayansu. Waƙar ma ta dawo. Wani ya ƙirƙiro mata amshi mai sanyi na lokacin takawa, in an tashi kuma a koma mai zafi. Da muka hango filin ƙwallo na gwada salati, ya fita, na gwada kuma, ya fita. Na saki ƙafa. Wannan guntun, Yaya, na yi shi da gudu na gaske, ko kai ba za ka musa ba. Duk wanda ya tashi da mu ya iso da ƙafarsa. 'Yan zem ɗin suka zo suna ƙorafi wai na kashe musu kasuwa.

Wurin cin abinci aka yi sakwara da miyar wagashi, cukun nan na Fulani, aka kuma yi gardama. Isa Dogo ya ce wannan ba gudu ba ne, kuma da kana raye da ba ka yarda ba. Ba da ƙeta ya faɗa ba, idonsa ya yi ja. Dole in yi masa adalci. Shi yana iya yin goman nan ba tsayawa, ni ba na iyawa, kuma waɗannan abubuwa biyu ba ɗaya ba ne. Baba Idi ya ce shi dai ƙafafunsa biyu sun bar ƙasa a tare sau ba adadi, duk mai cewa bai yi gudu ba ya zo ya taɓa ƙwaurinsa. Wani malamin lakwal ya ce ya ji manyan 'yan gudu na duniya ma suna takawa wurin shan ruwa. Na so in kama wannan da hannu biyu, amma ban tabbatar ba tukuna, don haka ba zan kafa maka hujja da shi ba. Mutum uku suka ce min sannu ba ta hana zuwa. Ban ji daɗi ba, domin wannan lallashin masu tafiya ne, ni kuwa na yi gudu. Ba a yanke hukunci ba. Isa Dogo ya ce baɗi a Parakou usur a hannunsu yake, zan gani. Na cire naka in mayar, Baba Idi ya ce ba a mayar da usur da gumi, in wanke in zo da shi ran Asabar.

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Duk ranar da ka tashi fita gudu, idona biyu. Ina jin ka kana laluben takalmi, ina jiran ka taɓa ƙafata ka ce in taso. Ba ka taɓa ba. Ka ɗauka ni na takarda ne, ni kuma na ji kunyar roƙo. Har yau ina ɗan jin haushinka a kan wannan, kuma ina jin haushin kaina da ban yi ko tari ba don ka san a farke nake. Da za ka tafi da ni? Da za ka jira ni?

Da muka dawo na sami Inna a bakin murhu. Na gaya mata komai, da tudun, da mai wasa-wasa, da maganar Isa Dogo. Ta saurara har ƙarshe tana juya miya. Abu ɗaya ta tambaya, ko akwai inda salati ya yanke na ci gaba. Na ce sau ɗaya na sake gwadawa kafin in busa, ban da wannan babu. Sannan ta ce a Makka, tsakanin Safa da Marwa, ta ga maza suna tafiya, in sun zo koriyar fitila su yi sassarfa, in sun wuce su koma tafiya, kuma ba ta ji an ce wa kowa sa'ayinsa bai cika ba. Na so in ce mata wancan ibada ce, wannan motsa jiki, ba a haɗa su. Ta zuba min abinci, ta ƙara nama, ta ce in ci tun da zafi, ɗan gudu ba ya cin sanyi.

Ita ta faɗa, ba ni ba. Na rubuta maka yadda ta faɗa.

Na san kai da ka yi gardama. Da ka goyi bayan Isa Dogo a wurin cin abinci, ka yi min dariya har Parakou. Amma na yi ta tunanin tudun nan tun jiya. Da kana cikin layin, a bayana, na busa doguwa, me za ka yi? Ba ka taɓa karya dokarka ba. Da ka ja tsaki, da ka harare ni, amma da ka taka. Da mun taka tare, ni da kai, ko da na ɗan lokaci ne.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta. Na bar ka lafiya, Yaya. Cinyoyina suna ciwo, kuma ina jin daɗin ciwon.

Ni ne ƙaninka,
Habibu
Zongo, Parakou