Kwalaben Ikilima

Dutsin-Ma, 3 ga Yuni, 2024

Zuwa ga Baba Alhaji Labaran Kurfi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina ƙara yi maku ta'aziyyar 'yarku, Dakta Ikilima. Allah ya jiƙanta, ya ba ku haƙuri. Ni ne Mas'ud, abokin aikinta. Na kira waya ba a ɗauka ba, shi ya sa na rubuto.

Baba, shekara bakwai marigayiya ta yi tana bincike kan wata irin gansakuka da ta samo a fadamun shinkafa na Zobe, mai jure fari, mai kuma samar wa ƙasa taki daga iska. Wadda muke reno a ɗakin gwaje-gwaje zafin bazara ya kashe ta. Amma ta faɗa mani ta ajiye kwalabe ashirin da huɗu a tagar ɗakinta a Kurfi. Su kaɗai suka rage. In babu su, babban aikinta ba zai fita ba. Ina roƙon izinin zuwa in ɗauka.

Naku cikin ladabi,
Dakta Mas'ud

Kurfi, 9 ga Yuni

Dakta,

Wa alaikumus salam. Mun gode da ta'aziyya, Allah ya ba da lada.

Waya na daina ɗauka, don kowa ya kira sai ya tambaye ni yadda abin ya faru.

Maganar kwalabe kuwa, a bar ta. Ni a aji uku na bar sakandare, amma da injin ban-ruwa guda na fara a bakin Zobe, yau manyan motoci ke lodin hatsi a ƙofata. Ban kai nan da miƙa wa mutane kayana don sun rubuto takarda mai kyau ba. Na ji labarin yadda ake yi a wajenku: mutum ya rasu, a goge sunanshi, wani ya sa nashi. Ba da 'yata ba.

Ɗakinta yana kulle, makulli yana aljihuna. Ko uwarta Hajiya Rabi ba ta shiga. Kada ka wahalar da motarka.

Wassalam,
Alhaji Labaran Mai Hatsi

Dutsin-Ma, 14 ga Yuni

Baba Alhaji,

Ina gaisuwa. Ban ga laifinku ba. Ga takardu uku da ta riga ta wallafa a mujallun kimiyya, ku duba sama, sunanta ne na farko, da naku a jikinsa. Ga kuma ta huɗun da ba ta fita ba. A cikinta ne ta gano abin da ke cikin ƙwayar halittar gansakukar da ke sa ta bushe ƙayau ta kuma farfaɗo. Burinta wata rana a ga ko hakan zai taimaki gero da shinkafa. Masu tantancewa sun ce sai an aika masu da rayayyen samfuri sun tabbatar.

Baba, abin cikin kwalaben yana da rai, kuma abincinsa yana ƙarewa. In ba ku yarda in ɗauka ba, ku bari in zo in ciyar da shi a gabanku, in tafi ban ɗauki komai ba.

Naku,
Mas'ud

Kurfi, 23 ga Yuni

Ɗana Mas'ud,

Salamu alaikum. Ina fatan kana lafiya da iyali.

Takardun sun iso. Turancin ya fi ƙarfina, amma na ga I. Labaran sau huɗu. Na sa yatsa a kai na daɗe.

Waccan wasiƙar da na aiko maka, rabinta ƙarya ce. Ban taɓa zarginka ba. Kunya ce ta sa na yi maka ihu a takarda.

Ranar da ta jera kwalaben nan, ruwan cikinsu fari ne tas, sai ɗan kore-kore da sai ka ƙura ido. Ta ce kada a taɓa, kada a rufe taga. Na ce mata na kashe kuɗin karatu har digiri uku don a kawo mani ruwan kududdufi cikin gida. Ta yi dariya ta ce, "Baba, zauna minti biyar in yi maka bayani." Na ce ni na san ruwa tun ba a haife ta ba, kuma ana jirana a kasuwa. Ba sau ɗaya ta ce in zauna ba. A waje ina ta faɗa wa mutane 'yata likitar shuka ce, amma ban taɓa ba ta minti biyar ɗin ba.

Sati uku muka yi da ita a asibiti a Katsina. Bayan sadakar bakwai na buɗe ɗakin, sai na tarar kwalaben sun yi kore shar, wasu har da gudaji. Ka san mu masu noman rani, wannan koren shi ke toshe mana tiyo, shi ne alamar randar da aka yi sakaci da ita. Na ce a raina, yarinyar da ko ƙura ba ta bari a teburinta, kayanta su lalace haka don ba ta nan? Ban kira kowa ba. Ni da ban taɓa wanke ko kofin shayina ba, na tsuguna na zubar, na wanke su ɗaya bayan ɗaya da omo da soso, na kankare 'yan takardun jiki da suka jiƙe, na cika su da ruwan rijiyar burtsatse, na mayar taga yadda ta jera su. Har na kira Hajiya ta gani. Ta ce Allah ya yi mani albarka.

Da wasiƙarka ta farko ta zo, ina karantawa na gane abin da na zubar.

Kwalabe ashirin da huɗu suna nan, Dakta, suna ƙyalli. Ba komai a ciki.

Mahaifin Ikilima

Dutsin-Ma, 26 ga Yuni

Baba,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na karanta sau biyu. Ba zan ce ba a yi asara ba, ku ba yaro ba ne.

Tambaya ɗaya: a ina kuka zubar? In a ƙasa ne ba a kwata ba, kada a share wurin. Ku kankaro saman ƙasar da cokali mai tsabta, ku aiko a busasshiyar leda. Irin wannan halitta takan yi barci a ƙasa. Ban yi alkawari ba. Ko ta tsiro, sai mun gwada mu ga ko tata ce.

Mas'ud

Kurfi, 28 ga Yuni

Mas'ud,

Gaisuwa mai yawa.

A gindin katangar bayan ɗakinta ne. Ruwan sama ya sauka a wurin sau uku tun lokacin, kaji ma sun yi tono. Na kankaro abin da na samu, ga shi a leda biyar, direbana zai ba ka hannu da hannu.

In bai tsiro ba, kada ka rubuto, ka zo Kurfi ka faɗa mani a gaban uwarta, don har yau ban iya gaya mata ba. In kuma ya tsiro, kada ka ce mani nata ne don ka ji tausayin tsoho. Sai ka tabbata.

Allah ya yi maka albarka.

Labaran