Kashi na Ƙarshe Yana Jiranki

Assalamu alaikum Yaya Hadiza,

Ya gida, ya maigidan, ya zaman Kano? Mu lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Yaya, katun ɗinmu na Japan ya zo ƙarshe. Yarinyar nan mai sandar sihiri ta ceci garinsu, amma sihirin ya mantar da ita ƙanwarta. Ta wuce ta a hanya, ko waiwaye babu. Tun ranar na kasa sukuni. Jiya a kasuwar Hédzranawoé na yanka wa wata mata atamfar da ba ita ta zaɓa ba, Inna ta yi ta faɗa.

Kashi na ƙarshe yana wayata, na ƙi buɗewa, don mun yi alkawari tare za mu gani. Sati uku ke nan ban ji muryarki ba.

Ki gaida kowa, ki sa mu a addu'a. Ke dai ki waiwayo, Yaya.

Ƙanwarki,
Rabi