Farantin da Na Saya don Ranar Suna

Laraba, 16 ga Fabrairu, 2022

Da yau ce ranar suna. Iya ta tafasa ruwa ta fyaɗa mini da ganyen darbejiya, na sha kunun kanwa. Ta ce ba a fasa jego don jaririya ta koma, jiki ake gasawa. To, a gasa.

Kwana huɗu ta yi a duniya. Ranar da na haife ta, mijina Mudassiru ya zo nan gidanmu na Bunkure ya yi mata huɗuba a kunne. Shi kaɗai ya san sunan da ya raɗa mata, ana jiran yau a sanar. Ban tambaya ba a lokacin, 'yar fari ce, da kunya. Yanzu kowa "yarinyar nan" yake cewa. Ina so in san sunan 'yata, bakina ya ƙi buɗuwa.

Juma'a, 18 ga Fabrairu

Ya zo daga Kura da kwando a bayan babur: tumatir, yalo, albasa, tattasai, duk na gonarsa. Ya durƙusa ya gaida Iya. Ni kuwa, "Ya jiki?" "Da sauƙi." "An sako muku ruwan gona?" "An sako." Hirar ke nan.

Talata, 22 ga Fabrairu

Ba na jin ɗanɗanon komai. Naman jego da yajinsa, kamar ina tauna tsumma.

Juma'a, 25 ga Fabrairu

Wani kwandon. Iya ta gaji da yanka tumatir tana shanyawa, ta ce mutumin nan so yake ya kwaso mana gonar gaba ɗaya. Ya rame. Na gani.

Litinin, 28 ga Fabrairu

Ina neman zani a jaka na ci karo da farantin gashi, a ƙarƙashin kayan jarirai. Sabo fil, ko takardar jikinsa ban ɓare ba. Da cikina wata takwas na saye shi. A cibiyar koyon sana'a ta mata a Kura aka koya mana gashin kayan lambu da cuku, wanda ake ajiyewa a gefen shinkafa. Na ci buri ranar suna zan sa a yi shi, dangin miji su san ba miya kaɗai na iya ba. Ji wani shirme.

Na mayar da kayan jariran, na bar farantin a waje. Ban san dalili ba.

Alhamis, 3 ga Maris

Goggo Baraka, Bafulatanar da ke kawo mana nono tun ina ƙarama, ta zo gaisuwa. Ba ta cika ni da wa'azin haƙuri ba, Allah ya saka mata. Na ce ko tana yin ɗanyen cuku. Ta ce, "Zuliha, ke da ko ruwa sai an matsa miki?" Na ce ba ci zan yi ba, hannuna ne ke son aiki.

Asabar, 5 ga Maris

Ta kawo madara da ganyen tumfafiya, ta ce in yi da kaina. A ɗora madara a wuta kaɗan-kaɗan, a daka ganyen a tace ruwansa a zuba, a jira ta tsinke, a kwashe a matse. Na zuba da yawa don ta yi sauri.

Na yanka yalo da tumatir, na jera a faranti da albasa da tattasai, na fasa ƙwai uku, na marmasa cuku a kai. Ba mu da tanderu. Yashi na zuba a babbar tukunya, na ɗora farantin, na rufe, na tara garwashi a kan murfi.

Ya fito tsamo-tsamo cikin ruwa. Iya ta kai loma ɗaya ta tofar. "Wannan ai maɗaci ne, 'yar nan!" Ni na riga na cinye rabi, ban ji komai ba. Ta tsaya tana kallona, sannan ta ɗauke farantin ta shige madafi. Ta daɗe a ciki.

Juma'a, 11 ga Maris

Ya zo. Na shirya tambayar tun safe, har na maimaita ta a banɗaki. Da na zauna a gabansa sai na ce yalon wancan makon ya tsufa. Ya ce zai zaɓo masu taushi. Haushin kaina ya kama ni, shi ma da nasa haushin. Shi ba zai iya faɗa ba sai an tambaye shi?

Litinin, 14 ga Maris

Saura mako guda arba'in, a mayar da ni Kura. Ɗaki ɗaya, mu biyu, muna zancen ruwan gona har mu tsufa.

Laraba, 16 ga Maris

Na sake gwadawa. Na tuna malamar cibiyar ta ce a barbaɗa wa yalo gishiri a bar shi ya zubar da ruwansa, a cire 'ya'yan tumatir, a soya albasa tukuna. Tumfafiya cokali ɗaya tak. Iya ta ce ya ciwu. Sai dai in yarda da ita.

Juma'a, 18 ga Maris

Na yi na uku, saman ya yi ja, gefen ya ɗan kama. Iya ta dafa shinkafa, ta ce ni zan kai masa zaure da kaina, ita za ta leƙa maƙwabta. Iya da ba ta leƙa kowa ranar Juma'a.

Ya ci shinkafar yana kewaye gashin. Na ce, "Ka ci wannan ɗin, kayan gonarka ne." Ya ɗiba, ya ce wane irin abu ne haka. Na ce, "Na ranar suna ne. Shi na so a yi."

Ya ajiye cokali. Na ɗauka tashi zai yi. Maganar ta fito mini ba yadda na shirya ta ba: "Malam, wa ka sa mata?"

Ya ce, "Na zaci ba kya son ji." Na ce ni ma na zaci ba ya son faɗa.

"Halimatu Sa'adiyya. Sunan Iya na sa mata. Da Ummi za mu riƙa kiranta."

Ya ce kullum in yana ban-ruwa shi kaɗai yakan faɗe shi, don kada ya zama ba wanda ya taɓa kiranta. Ban yi kuka ba. Shi ya yi, ya juya fuska bango. Na zauna har ya gama, na tura masa farantin, muka cinye.

Lahadi, 20 ga Maris

Gobe arba'in. Na haɗa kaya, farantin a sama. Na gaya wa Iya tana da takwara, ta zauna a kan turmi ta rufe fuska da mayafi.

Na yi wa mutanen gida gashin sallama da ragowar yalo. Gishiri bai ji ba, ni na fara cewa, kafin Iya ta ɗanɗana. Ta ɗago ta dube ni, na ce mene ne, gishiri ne kawai.

Ummi. Na rubuta ne in ga yadda yake a takarda.