Indararo Mai Kama Da Alhaji Gimba

Zuwa ga:
Malam Maharazu Sha'aban,
Jami'in Kula da Gini,
Kwamitin Amintattun Tsohon Gidan Limamin Coci,
Aston, Birmingham.

Daga:
Hajiya Raki Jumare, flat, wato sashen gida, na ƙasa.

21 ga Oktoba, 2024

Game da: Neman izinin wanke fuskar indararon ƙofar gida

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa, mai wannan ƙorafi na gabatar da kukanta kamar haka:

1. Ta san gidan nan na jan bulo, mai tsinin rufi da dogayen tagogi, yana ƙarƙashin kariyar kayan tarihi, ko ƙusa ba a bugawa sai da takarda. Ta haƙura da sanyin da tagogin ke shigo da shi, ba ta taɓa cewa uffan ba.

2. A saman ƙofa akwai indararon dutse mai siffar kan mutum, ruwan sama na fita ta bakinsa. Don kunyar baƙi ta rufe shi da tsohon ɗankwali. Ranar 11 ga wata ofishinka ya umarce ta ta cire, wai ɗankwalin ya ɓata fasalin gini. Ɗankwali fa, ranka ya daɗe! Ta bi umarni.

3. Washegari Alhaji Gimba ya taso daga Cheetham Hill, Manchester, tare da maiɗakinsa Hajiya Bilqis, don ganin gidan su Ubaidullah, ɗan mai ƙorafi tilo, wanda ke neman auren 'yarsu. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Alhaji na yin sallama aka kece da ruwa, indararon ya juye masa shi a tsakar hula.

4. Da Alhaji ya ɗaga kai, sai ga shi yana kallon kansa. Hancin nasa ne, kunnuwan nasa ne, har wushiryar, kamar an tsaga kara. Mai ƙorafi ta yi ta maza ta haɗiye dariyarta. Hajiya Bilqis kuwa sai da ta dafa bango tana share hawayen dariya.

5. An shaida wa Alhaji dutsen ya girmi kakansa, bai musa ba. Kamannin ma ba su dame shi ba, har ya ce mai sassaƙar ya san kyau. Abin da ya ƙona masa rai shi ne kashin tattabaru da gansakukar da suka lulluɓe fuskar. Ya rantse ba zai ba da 'yarsa gidan da ake barin fuskarsa haka ba, ya koma Manchester ko shayi bai kurɓa ba.

6. Mai ƙorafi ta ɗauko soso da tsani, ofishinka ya sake tare ta, wai wankin ma sai council, wato majalisar birni, ta amince. Ubaidullah ya daina cin abinci, jami'a ma da ƙyar yake zuwa. Wallahi zuciyarta ta karye.

Don haka take roƙo, cikin ladabi, a gaggauta ba ta izinin wanke wa surukinta fuska da ruwan ɗumi kawai. In kuma doka ta hana, to ranka ya daɗe ya hau jirgin ƙasa zuwa Manchester, ya bayyana wa Alhaji da bakinsa cewa fuskar tasa kayan tarihi ce, ba a taɓa ta sai da takarda.

Allah ya ƙara girma da tausayi.

Mai biyayya,
Hajiya Raki Jumare