Sarƙar da Yaya Ke Ɗaurewa a Sama

Malam, don Allah ka taimake ni, kaina ya ɗaure. Ni da yayana mun gaji taraktar mahaifinmu. Da damina mu yi huɗa da ita, da rani mu janyo gumagumai daga daji zuwa wurin masu yanka katako. Ni ke tuƙi, shi ke ɗaure sarƙa. Kullum can sama yake ɗaure ta, bayan kujerata, wai don kan gungume ya ɗaga kada ya caki ƙasa, kuma haka Baba yake yi. Makon jiya muna hawan tudu gungume ya sarƙe a kututture, sai na ga gaban tarakta ya miƙe, ba na ganin komai sai sama. Allah ne ya sa ƙafata na kan kuloci, na danne shi, gaban ya sauko. Yaya dariya ma ya yi, wai tarakta ce ke gaishe ni. Tun ranar, da na kama sitiyari sai in yi ta waiwayen sarƙar. Ko matata ban gaya wa ba. Yaya ne ya riƙe ni bayan rasuwar Baba, ban taɓa musa masa ba. In ƙi hawa, ko in yi shiru?

Ƙanin Mai Sarƙa

Ɗan'uwa, barka da arziki. Kada ka sake hawa taraktar matuƙar sarƙar tana sama. Idan aka ɗaure nauyi sama da ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, kuma gungume ya tsaya cak, tarakta kan kife ta baya kafin direba ya ankara. Wurin sarƙa shi ne ƙarfen ja na ƙasa.

Amma yayanka ba mugunta yake yi ba. Damuwarsa gaskiya ce, kan gungume yana cakar ƙasa. Saboda haka ka je masa da mafita: ku ɗora kan gungumen a faifan ƙarfe ya riƙa zamewa, ku rage tsawonsa, ku bi hanyar da ƙafa ku cire kututture tukuna. Ku kuma sa ƙarfen kariya a saman kujera, mai kare direba idan tarakta ta kife. Na maƙeri ba zai wadatar ba, ku nemi wanda aka ƙera don taraktar.

Ka same shi ku biyu, ba a gaban masu katako ba. Kada ka ce Baba ya yi kuskure. Ka ce masa ka tsorata, kuma kai ne a kujerar. Mutumin da ya riƙe ka tun kana maraya ba zai so ya ɗauko ka daga ƙarƙashin tarakta ba. Matarka ma ka gaya mata yau. Allah ya tsare, ya bar zumunci.