Baba, Na Ga Mai Hamma

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku mai faci na bakin tashar Mafara.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗa ga mahaifinsa, da fatan rahamar Ubangiji tana sauka a makwancinka safe da yamma, ɗanka Sabi'u ne yake rubuto maka daga Dubai. Inna tana nan lafiya, gwiwar nan ce dai take ɗan taɓa ta. Ƙanwata Hajara ta haifi namiji, an mayar da sunanka. Shekara shida ke nan da rasuwarka, kuma ban taɓa zama na rubuta maka komai ba sai yau.

Baba, ka yi haƙuri in taƙaita gaisuwar, don cikina ba zai iya riƙe maganar nan ba. Na ga Mai Hamma! Wallahi na gan shi da idona, na shiga cikinsa, na dafa shi da hannuna. Mako uku ina aiki a cikinsa kamar wani sakarai, ban san shi ne ba.

Na san mutane za su karanta wannan a shafina na intanet, har da waɗanda suka riƙa yi maka dariya a tasha. Bar su su karanta, dama da su nake so a yi.

Kai ka raɗa masa sunan, jirgin ruwan da ka ce ka yi wa aiki shekara tara tsakanin gaɓar Sudan da Jidda, tun kafin ka auri Inna. Ka ce gabansa ɗagawa yake yi kamar mai hamma, manyan motoci da ƙanana su shige cikinsa, fasinjoji su hau sama. Aikinka ɗaure motocin da sarƙa, kada igiyar ruwa ta gwara su. Kana danna taya a cikin bahon ruwa kana neman inda take tsiyaya, kana cewa, "Duk motar da na ɗaure, ko teku ta yi hauka ba ta motsi."

Ka ce an ƙera shi a ƙasar ƙanƙara, shi ya sa akwai bututun ɗumama ɗaki a ƙarƙashin kujeru, a tekun da mutum yake neman iska kamar ya mutu. Ka ce alhazai sun sha wahalar ajiye butocinsu, suna gangarewa ƙarƙashin motoci, sai ka roƙi mai walda ya ara maka kayansa, ka yi musu maratayi bakwai a jikin ginshiƙin ƙarfe na uku daga bakin jirgin. Na bakwai ka sauko da shi ƙasa saboda tsofaffin mata. Da yake ba ka iya rubutun boko ba, sai ka sa hannu a saman maratayan, ka zana tsagar fuskarka da walda: uku a tsaye, da bille guda a gefe.

'Yan tasha ba su yarda ba. Takardunka gara ta cinye su, hoto babu. Suka sa maka Kyaftin. Direba zai leƙo ta taga ya ce, "Kyaftin, a duba min iskar tayar baya kafin jirgi ya tashi," a kwashe da dariya. Kai ma sai ka yi murmushi ka ɗauki famfo.

Ni ne ban iya murmushin ba. Ina aji uku na sakandare, na biyo da abokaina ta rumfarka, na tarar ka tara mutane. Ka ce yau za ka ba su wanda ba ka taɓa bayarwa ba: ranar da iska ta taso, sarƙar wata babbar mota mai ɗauke da riɗi ta tsinke, motar ta fara gangarowa wajen da alhazai suke alwala. Abokaina suka fara ƙyafta wa juna ido. Sai na ce, a gaban kowa, "Baba, don Allah ka daina, kunya kake ba mu."

Ka dube ni. Ka ce, "To, Sabi'u." Ka sunkuya ka ci gaba da facinka. Daga ranar har ka koma ga Allah ban sake jin sunan jirgin nan a bakinka ba.

To ga yadda aka yi. Ka san ka bar ni ina koyon walda. Yanzu ina wata ma'aikatar gyaran jiragen ruwa a nan, muna kankare tsohon fenti da tsatsa da feshin yashi, mu yi walda, mu sake fenti. Kullum da safe bas yake kwaso mu daga masaukinmu na Al Warsan. Aka shigo mana da wani tsohon jirgin motoci da fasinja, fari da shuɗi, tsatsa ta zubo masa ta ko'ina. Na ga bakinsa ya ɗaga, na tuna da kai, amma na ce a raina irinsu da yawa a duniya.

Ranar Talata shugaban aikinmu, wani Ba'indiye mai faɗan tsiya amma mai kirki, ya miƙo min giranda, injin yankan ƙarfe, ya ce duk wani tsohon ƙarfe da ya fito a jikin ginshiƙai in yanke shi, masu jirgin suna son wurin sumul. "Yalla, yalla," yana tafa hannu, wai in yi sauri. Na kama aiki ba tunanin komai. Na zo kan wasu ƙugiyoyi a jere, fenti ya yi musu kauri har sun zama kamar yatsun kuturu. Na yanke na farko. Na yanke na biyu. Baba, da hannuna!

Awudu ne ya cece ni, abokin aikina, ɗan zangon Kumasi. Ya dafa kafaɗata yana ihu saboda ƙarar inji: "Kai Sabi'u, dakata! Wannan maratayin buta ne, Musulmi ya yi shi. Dubi na ƙarshen, ya sauko da shi don gajeru."

Na kashe girandar. Na ƙirga, har da biyun da suke ƙasa: bakwai. Na waiwaya na ƙirga ginshiƙai daga bakin jirgi: ɗaya, biyu, uku. Na zauna daɓas a ƙasa. Awudu ya ɗauka zafi ne ya buge ni, ya ruga neman ruwa. Ni kuwa na ja tiyon yashi na saita shi a saman ƙugiyoyin.

Fari da shuɗin ya fara tashi, kore ya fito. Koren ya tafi, ruwan ɗorawa ya fito, a ƙarƙashinsa kuma ja mai duhu. Tun da koren ya tafi na fara ganin tsagar tana tasowa: uku a tsaye, guda a karkace a gefe. Waldar a cukurkuɗe, kamar kashin kaji. Baba, ka yi haƙuri, amma da a wurinmu ka yi wannan waldar da an kore ka a ranar! Ina dariya ina kuka a cikin hular aiki, ina ta ihun "Babana ne! Babana ne!" Ma'aikata suka taru, 'yan Nepal da 'yan Bangaladash, ba su san me ya faru ba amma suna ta taya ni murna.

Akwai wani tsohon injiniya Basudane da ya zo tare da jirgin. Da Awudu ya yi masa bayani, sai ya tsuguna ya riƙa nuna min launukan da farce, kamar mai karanta allo. Jan, ya ce, na ƙasar sanyin da aka ƙera shi ne, inda ya fara jigila tsakanin gaɓa biyu cikin hazo. Ruwan ɗorawan na lokacin da aka sayar da shi kudu ne, yana kai masu yawon shaƙatawa tsibirai. Koren kuwa na Bahar Maliya ne, shekarun alhazai da 'yan ci-rani, shekarunka. Fari da shuɗin na nan yankin ne. Suna huɗu ya yi a rayuwarsa, kowane mai shi ya shafe na baya. Ya ja ni sama ya ɗaga wata kujera, sai ga bututun ɗumama ɗakin nan, a mace, ba wanda ya kunna shi tun kafin a haife ni. Na rungume bututu, Baba, ni da gemuna.

Na kira Inna ta bidiyo na haska mata ginshiƙin. Ta matso da wayar har hancinta ya cika fuskar. Sannan ta ce, "Billensa ne. Ai ni ban taɓa cewa ƙarya yake yi ba, ku ne 'yan boko." Na tambaye ta yadda aka ƙare da motar riɗin nan. Ta ce ita ma ba ka taɓa ba ta wannan ba. Injiniyan ma bai sani ba, bayan tafiyarka ya zo.

Na je na sami shugaban aiki na ce ko zai kore ni, ƙugiyoyin nan ba za su fita ba. Ya zo ya duba, ya dube ni, ya kaɗa kai ya ce, "Khalas, habibi," wato shi ke nan abokina, "bar su." Na mayar da biyun da na yanke, na yi musu waldar da ban taɓa yi wa kowa irinta ba. Taka kuwa ban gyara ba, na bar ta a cukurkuɗenta, fenti kawai na shafa mata marar kauri don ta fito. Ranar hutu na shiga kasuwar Murshid Bazaar na sayo buta koriya, na rataye ta a na bakwai.

Mako mai zuwa zai tashi. An sake sayar da shi, wai gabashin Afirka zai koma yana ɗaukar motoci da mutane, da sabon suna na biyar. Tsohon nan bai gaji ba, Baba! Zai tafi da tsagarka a cikinsa, kuma wata tsohuwa da ba ta san ka ba za ta miƙa hannu ta sami maratayi daidai tsawonta.

Babana, Kyaftin ɗina, gaskiya ka faɗa, ni ne na yi wauta. Ka yafe min. Na so a ce na faɗa maka wannan a rumfarka, a gaban mutanen da na kunyata ka a idonsu.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka kabarinka, Ya sa kowace alwala da aka yi da butar da ta rataya a ƙarfen nan ta zama haske a gare ka. Allah Ya haɗa mu a Aljanna Firdausi, in zauna a gabanka in naɗe ƙafa, ka ɗora daga inda sarƙar ta tsinke. Wallahi wannan karon ba zan katse ka ba.

Naka har kullum,
Sabi'u ɗan Kyaftin.