Bakina da Kujerar Salifu

Ƙanena Garba,

Gaisuwa mai yawa. Ina gajiya, yaya iyali da zaman Kumasi? Mu a Gidan Rumji lafiya, ban da bakina.

Ka san ɗanka Salifu, mai neman kujera, kullum zancensa Hausawa su haɗe, Nasara ne ya yanka iyaka. Wakilin jam'iyya, Bazabarme, ya zo daga Yamai auna shi kafin zaɓe. Ni, Bagobiri mai karatun lakol aji uku, na tarbe shi da wasan taubasai: "Bawana, ran da muka haɗe da Katsina, ku riƙe koginku." Bai yi dariya ba. Ya ɗauka ra'ayin Salifu na faɗa, aka cire shi daga takara.

Na kasa zama wuri ɗaya. Har yanzu yaron yana durƙusawa ya gaishe ni. Gobe zan bi wakilin har Maraɗi, Bagobiri ya roƙi Bazabarme gafara. Ku sa mu a addu'a. Gaida Hajo.

Yayanka,
Ɗan Tani